Naman Kazan Surin Inna

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina aikin naman kaza, har yau ban samu wanda ya yarda cewa aiki ne ba. A cibiyar binciken da nake, can kudu kusa da Kwatano, sashen tsirrai aka fara kai ni. Shugaban sashen ya ce abin nan naka ba ya ganye, ba ya fure, rana ma ba ya so, ina tsiro a nan? Aka tura ni wajen masu dabbobi, su kuma suka tambaye ni ko yana tafiya. Masu aikin gona sun yi murna da zuwana, don sun ɗauka na zo ne in kashe musu funfunar da ke ɓata masara a rumbu. Da suka gane kiwonta nake yi a kwalba, har ina ba ta abinci, sai suka raka ni bakin ƙofa. Masu haɗa magunguna ne kawai ke nemana. Su zo su ɗebi abin da na tara, su niƙa, su rubuta takarda, sunana ya fito can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa, tsakanin direba da mai shara.

Daga ƙarshe aka ba ni tsohon sito a bayan gini, aka kafa allo a ƙofa aka ce sashe ne. Ni ne shugaba, ni ne ma'aikaci. Dukiyar sashen kabad ɗin katako ne guda, cike da busasshen naman kaza, kowanne a naɗe cikin takardarsa. Ban taɓa gina gida ba, matata na tuna min da haka a kai a kai, amma wannan kabad ɗin ni na cika shi.

Da aka kawo sabon darakta, wani ɗan kudu mai suna Ahuwansu, sai ya kira ni ofishinsa.

"Dokta Tori, masu kwamfuta na son ɗakinka," in ji shi. "Duk sashen da bai kawo sabon abu ba kafin ƙarshen damina, rufe shi za a yi. An ce min ka daɗe kana cewa akwai wani naman kaza a ƙauyenku da duniya ba ta san shi ba."

"Akwai shi, ranka ya daɗe."

"To ina yake?"

"Yana ƙauyen."

"Ka kawo shi duniya mana."

Abin da ban tsaya yi masa bayani ba shi ne, irin wannan naman kaza gara ce ke noma shi. A cikin suri take da gona, wani abu kamar soso, daga nan yake miƙo wutsiya doguwa ta ratsa ƙasa, sannan ya buɗe hularsa a waje. Hular namu jaja-jaja ce, tana ƙamshi kamar daddawa. Na taɓa aika ta wa wata tsohuwa a Turai wadda duk mai son raɗa wa naman kaza suna sai ya bi ta hannunta. Ta ce hular ta yi kama da wasu biyu da aka riga aka sani, wutsiya ce za ta raba gardama. In kawo shi cikakke, daga hula har inda ya kama gonar gara.

Wutsiyar kuwa tana cikin surin Innarmu Sika, a bayan gidanmu na Sinakparu. Tun da Inna ta rasu, surin ya koma hannun yayata Daado, don a gidanmu mata ke gadonsa. Dokar kuma ba ta canza ba: a yanke hula a bar wa gara wutsiya, ƙarfe ba ya taɓa surin, namiji ba ya tona shi. Na sha roƙonta a waya. Kowace shekara sai ta aiko min da huluna a ƙyafe, da saƙon cewa in sa a miya.

Na ɗauki Zinsu muka tafi. Zinsu shi ne masanin gara a cibiyar, mutum ne mai jiki da yawan dariya, ba ya kirana da komai sai Mai Laima, saboda siffar naman kaza. Na tafi da shi ne don in ya ga garar ya faɗa min wace iri ce, wannan ma tsohuwar ta tambaya. Na kuma yi tunanin in Daado ta ga baƙo za ta ji kunya. Shekara hamsin da saninta, amma na yi wannan tunanin.

Muka sauka daga zemijan, wato babur ɗin haya, muka same ta tana dakan sakwara.

"A'a, Tori! Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Yaya. Gaisuwa na zo."

"Gaisuwa da kwali da ƙaton baƙo? Surin yana nan inda ka bar shi, amsata ma tana nan inda ka bar ta. Ku shigo ku sha ruwa."

Ni ne na shida a maza, shi ya sa aka ce min Tori. Kafin a zo kaina sunaye sun kusa ƙarewa, haƙurin mutanen gidan ma haka. Daado ce ta goye ni, kuma ba ta taɓa yarda cewa na sauka ba.

Bayan mun ci abinci na shimfiɗa mata zancen a hankali. Na ce ɗakina za a ƙwace, kabad ɗina ban san inda za a jefa shi ba. Na ce guda ɗaya nake so.

"Kai ma guda ɗaya ne, dubi yadda ka dame mu," in ji ta. "Su suka yi noman, mu muna cin kai, su a bar musu ƙafa. In ka tone suka yi fushi suka tashi, kai za ka riƙa aiko min da miya daga Kwatano?"

"Ba za su tashi ba, Yaya. Ga masani nan, tambaye shi."

Zinsu ya goge hannu ya gyara zama. Ba ya jin yarenmu, sai da na fassara, kuma na yi wautar fassarawa daidai.

"Mama, ba za su tashi ba sam. Ko sarauniyarsu muka ciro ma sai su yi wata. Ai ni da za ki bari in ɗan leƙa ɗakin sarauniyar..."

Daado ta dube ni, ta dube shi, ta jawo akushin sakwarar daga gabansa.

"Ka gaya wa abokinka sarauniyar gidansu zai leƙa."

Na je wajen mijinta Saka, yana gyaran fartanya a gindin ɗorawa. Ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai kamar mai shirin yin wani abu.

"Ƙanena, ni ko inuwar surin nan ba na takawa," ya ce. "Da ka ce in kai ka wajen Sarki, da na kai ka. Wannan kuwa ka yi haƙuri, ina da sauran zama a gidan nan."

Muka zauna jiran ruwa. Aka yi wani mai ƙarfi, gari ya waye da ƙamshin ƙasa. Ina dawowa daga masallaci na hangi Daado da maƙwabtanta mata sun fito daga bayan gida, kowace da ƙwarya a ka, cike da huluna jajaye masu faɗin faifai. Na ruga. A kan surin babu abin da ya rage sai kututturai farare a jere, an yanke su da tsinken gora daidai da ƙasa. Na tsuguna ina kallonsu. Abin da ya kawo ni tun daga bakin teku yana nan ƙarƙashin tafin hannuna, ba abin da ya raba mu sai ƙasa kamu biyu da yayata.

Da rana aka kawo miyarsa. Zinsu ya ci, ya nemi ƙari, ya ce, "Mai Laima, ko ba a san shi a Turai ba, ni dai na san shi." Ni ma na ci. Takaicin ma shi ne miyar ta yi daɗi.

Saka ya ce surin kan yi fito biyu, na biyun kaɗan ne, daga shi sai baɗi. Na yi ta bin Daado daga madafa zuwa rijiya. Na yi mata zancen magani, cewa wata rana za a iya samun maganin wata cuta a cikinsa. Ta ce ita yunwa ta san yana magani. Na yi mata zancen ƙasa, cewa shi da gara ne ke sa gonar da ke gefen surin ta fi sauran kyau. Ta ce shi ya sa ba a taɓa su. Duk ƙofar da na buɗe da ilimina, sai in tarar ta kai ni inda take tsaye.

Wata safiya tana tankaɗen garin rogo, na zauna a kan turmi na ce, ba da wata dabara ba, don dabarun sun ƙare:

"Da na samu, da sunan Inna zan sa masa."

Ta tsaya da rariyar.

"Kamar yaya?"

"Wanda ya fara bayyana abu shi ke raɗa masa suna. A rubuta a littafi, ba mai gogewa. Duk wanda zai ambace shi, ko a ina yake, sai ya ce Sika."

"Har a ƙasar Turawa?"

"Har can."

"Sunan Inna a kan abin miya."

"A kan abin da ta fi kowa kula da shi."

Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Matar da ko jirgin ƙasa ba ta taɓa shiga ba."

Da fito na biyu ya zo, huluna huɗu ne ko biyar. Daado ta same ni a zaure da muciya a hannu.

"An ce ƙarfe, an ce namiji. Ba a ce muciya ba, ni kuma ba namiji ba ce. Guda ɗaya. Ku tsaya can gindin ɗorawa, in ɗayanku ya matso na fasa."

Haka aka yi babban aikin rayuwata, ina tsaye daga nesa kamar mai jiran a sallame shi daga makaranta. Tana tono, ina ihu.

"A hankali, Yaya! Kada ki ja shi! Ki bi gefe!"

"Kai ka goye ni ko ni na goye ka?"

"Ki bar masa ƙasar jikinsa!"

"Tori, in ka sake magana zan karya shi in kawo maka biyu."

Hannunta ya nutse har gwiwa, ya nutse har kafaɗa. Zago suka fito mata, masu manyan kawunan nan, suka kama yatsunta har jini. Ba ta fasa ba, sai haƙuri take ta ba su, tana kiran su masu gida. Zinsu na gefena yana rawar jiki, yana cewa in tambaye ta ko kan nasu ja ne ko baƙi. Na ce ya tambaye ta da kansa.

Ta taso da shi a kan hannu biyu kamar jinjiri. Wutsiyar ta fi hannuna tsawo, fatarta baƙa, can ƙasa kuma ta rabu biyu kafin ta kama guntun gonar gara. Ban taɓa ganin irinta a wani littafi ba. Na san a take ba ɗaya ba ne daga cikin biyun da tsohuwar ta ambata. Ashe shekarun nan duka gaskiya nake faɗa. Sai na ce mata hannunta na jini.

"Na gani, nawa ne," in ji ta, ta koma ta kwaɓa laka ta toshe ramin.

Na shanya shi a kan raga bisa gawayi mai sanyin wuta, na wuni a gefensa ina korar awaki da matan da ke tambaya ko na gama da shi. Da ya bushe ƙarau na naɗe shi a takarda, na shimfiɗa shi a kwali, na liƙe bakin. Zinsu kuma ya tsince garar da ta biyo gonar, ya zuba a roba da danyar ƙasa, ya huda murfin da ƙusa don su sha iska. Ni duk abin da na samu sai na busar da shi hankalina ke kwanciya. Shi kuma ba ya iya ganin abu mai rai ya bar shi ya shaƙe.

A tasha yaron mota ya ce kaya ɗaya kawai za a riƙe a ciki, sauran sai saman mota. Na rungume kwalina. Jakar Zinsu, da robar garar a ciki, ta hau sama cikin rana, yana ta mita. A inda aka tsaya cin abinci na bar masa kwalin na je na yi salla. Na dawo na same shi yana cin wagashi, cukun Fulani, hankali kwance, mitar ta ƙare. Ban tambayi dalili ba. Na ɗauka wagashin ne.

Motar ta lalace a hanya, ba mu iso ba sai ranar Asabar. Na kai kwalin ɗakina na kulle. Na so in buɗe in ƙara ganinsa, amma duk mai aikin naman kaza ya san ba a buɗe busasshen abu a iskar bakin teku ba tare da an kunna abin busarwa ba, kuma ba wuta a cibiyar sai Litinin. Na yaba wa kaina da wannan haƙurin. Zinsu ya wuce jana'iza a garinsu.

Ranar Litinin ina yanka bakin kwalin na ga an taɓa buɗe shi an mayar. A kusurwa ga robar Zinsu. Daga hujin murfinta wasu siraran hanyoyin laka sun fito, sun bi bangon kwalin, sun shiga takardar. Na ɗaga takardar ta zube a hannuna. Hular tana nan, da 'yan huji. Daga wuyanta zuwa ƙasa babu komai sai laka mai siffar wutsiya, har da inda ta rabu biyu. Na taɓa ta, ta ruguje.

Zinsu ya shigo yana waƙa.

"Mai Laima, yarana fa? Rana ta so ta kashe min su a saman mota, na ga kwalinka da duhu da sanyi... Ban gaya maka ba? Na ɗauka na gaya maka."

Na nuna masa. Ya leƙa. Na jira in ga ya kama kai. Sai na ga idonsa ya yi haske.

"Kai! Ka ga da wutsiya suka fara? Ga takarda, ga kwali, ga hula, amma suka zaɓi wutsiya! Wannan ai abin rubutawa ne!"

"Zinsu, ka fita."

"Ka yi haƙuri, wallahi ka yi haƙuri. Amma tsaya, ba ka ɗauki hoto ba?"

"Ba a raɗa suna a kan hoto."

Ya dubi kabad ɗina, ya rage murya. "Wutsiya nawa ce a cikin nan? Ka zaɓi baƙa, ka tsaga ƙasanta, ka manna. Ai ba ƙarya ka yi ba, haka take, ni shaida ne."

Ba zan ɓoye ba, bayan ya fita na ciro guda uku na jera a tebur, na gwada su a wuyan hular. Ɗaya ta zauna kamar don ita aka yi. Na daɗe ina kallonta. Sannan na mayar da kowace takardarta. Ina so in ce tsoron Allah ne kawai, kuma akwai shi a ciki. Amma akwai kuma tsohuwar nan ta Turai, wadda ta san wutsiyar kowane naman kaza kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ban ga yadda zan sa sunan Inna a kan abin da za a ɓamɓare a gaban mutane ba.

Gaban kwamitin cibiyar na kai hula da hoto da ƙullin laka. Ahuwansu ya saurare ni da ladabi.

"Wato gara ce ta noma shi," ya ce.

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Ita kuma ta cinye shi."

"Haka ne."

"To ai ka ga an gano sashenka. Harkar gara ce tun farko."

Aka rufe sashena. Aka mayar da ni ƙarƙashin Zinsu, wanda takardarsa a kan abin da gara ta fi so ta ci ta samu karɓuwa ƙwarai. Ya sa sunana a ciki, ba a ƙasa ba, a sama kusa da nasa, har ya zo ya nuna min don in ji daɗi.

Ranar da ake kwashe kayana Daado ta kira.

"An rubuta?"

"Ana kan yi, Yaya."

"Na gaya wa matan kasuwa duka. Gwaggo Beru ta ce a kawo littafin ta taɓa, ko ba ta iya karatu ba."

Sai na gaya mata abin da ya faru, ban rage komai ba. Ina jin kaji a bayanta.

"Wato sun bi ka har Kwatano sun karɓi abinsu."

"Zinsu ne ya kawo su, Yaya. In baɗi..."

"Babu baɗi. Sau ɗaya na ba su haƙuri suka karɓa, ban da bakin na biyu. Hula kuwa zan aiko maka, ka sa a miya." Ta kashe wayar.

Leburori suka ajiye kabad ɗin a barandar sashen ƙwari, jikin bangon ɗakin da Zinsu ke kiwon gararsa. Na ce ba a ajiye katako da takarda a nan. Suka ce nan aka ce musu. Na bi ofis-ofis, kowa ya ce in ga shugaban sashena. Shugaban sashena ya ce kada in damu, yaransa ba sa fita sai sun ji ƙamshin abu.

Na je kanti na sayo gwangwanayen tumatir manya guda huɗu, na ba mai gadi tumatirin, na roƙi baƙin mai wajen direbobi. Na wuni ina ɗaga kabad ɗin kusurwa-kusurwa, ina zura kowace ƙafa cikin gwangwani, ina cika shi da mai don kada gara ta hau. Na janye shi daga bango kamu ɗaya. Wani ɗalibi da ya zo wucewa ya tsaya ya tambaye ni ko wani bincike nake yi. Na ce masa eh, ya kama min wancan gefen.